Ranar da Na Shanye Takardar Kwalejina

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba. Yanzu sai in tara jikoki su nemo mini tabarau alhali yana kan hancina. Amma akwai wata ranar Alhamis ta damina a Tudun Wadan Zariya wadda ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da hankalina zai gushe ita ce za ta fita ƙarshe. Har yau in na tuna ta sai in ji ɗacin tawada a maƙogwarona.

A lokacin Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar nan ba, Tudun Wada kuwa ba wadda kuka sani yanzu ba ce. Gidajen ƙasa ne jefi-jefi da gonaki a tsakani, mazaunanta kuma yawanci baƙi ne irinmu, waɗanda aikin hanyar jirgi ya kwaso iyayensu daga garuruwa daban-daban. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ya bar ni da Inna, ita kuwa da sana'ar daddawa ta riƙe mu. Da aka zo ɗibar yara makarantar boko, masu gata suka ɓoye nasu a rumbu, ni da ba ni da mai ɓoye ni aka tafi da ni. Daga elemantare zuwa midil, daga midil aka tura ni kwaleji can arewa. Duk shekarun nan matan unguwa sun hana Inna sakat. In ta wuce da faifan daddawarta sai a ce, "Uwar Bature, a sauka lafiya." Wasu har a gabanta suke cewa ta ba da ɗa an mayar da shi kafiri, kuma ko aikin ma ba zai samu ba. Ita dai sai ta wuce da faifanta. Rana ɗaya take jira, ranar da zan sa farar riga in tafi aiki a kan idonsu.

Na dawo da takardar shaidata a cikin gwangwani, ina ji da ita kamar ƙwai. A zamanin nan ba bugawa ake yi ba, shugaban kwaleji ne yake rubuta wa kowa tasa da hannunsa, da tawadar Turawa mai shuɗi-shuɗi, ya buga hatimi a ƙasa. Tawa ta yi kyau, ba yabon kai ba. Turanci madalla, lissafi madalla, tarihi da labarin ƙasa ba laifi, ga yabon hali har layi biyu. Sai layi ɗaya tak, darasin jikin ɗan Adam da kiwon lafiya. Nan ba da tawada aka rubuta ba. Jan fensir aka sa, irin mai maiƙon nan, aka rubuta kalma ɗaya ta Turanci mai nufin ya kasa, aka kuma zagaye ta don kada makaho ma ya wuce bai gani ba.

Kuma kamar da gangan, aikin da ya faɗo a shekarar shi ne na malamin asibiti. Ana neman mutum ɗaya mai karanta Turanci, ya rubuta sunayen marasa lafiya, ya auna magani. Mu uku muka nema. Likita ya aiko cewa mu zo ranar Alhamis bayan la'asar, kowa da takardarsa, don da safe ba ya samun kansa.

Inna ba ta karatun boko, amma ba ta buƙatar karatu kafin ta ga ja a cikin shuɗi. Ranar da na nuna mata takardar ta ɗora yatsa a kai.

"Wannan fa? Me ya sa ya bambanta da 'yan'uwansa?"

"Zazzaɓi na yi ranar jarrabawar, Inna."

Ƙarya na yi mata, kuma sai yanzu zan gaya muku gaskiyar. A ɗakin da ake koya mana darasin akwai wani dogon kabad a lungu. A cikinsa ƙwarangwal ne na mutum, mutum sosai ba na itace ba, an ɗinke ƙasusuwansa da waya an rataye shi a tsaye. Malaminmu Bature ya ce daga wata ƙasa mai nisa aka kawo shi ta jirgin ruwa. Abokaina suka saba da shi, har wani shaƙiyyi ya taɓa sa masa hula. Ni kuwa ban taɓa sabawa ba. Duk lokacin da aka buɗe kabad ɗin nan sai in riƙa tambayar kaina, ɗan wa ne? Wa ya yi masa salla? Uwarsa ta san inda yake? Sunayen ƙasusuwan duk na haddace su daga littafi, ko daga barci aka tashe ni zan jero su. Amma ranar jarrabawa ɗaya-ɗaya aka riƙa kiranmu, ka kama ƙashi da hannunka ka faɗi sunansa. Ina shiga aka rufe ƙofa, iskar rufewar ta sa hannunsa ya motsa a hankali ya nufo ni. Na tsaya ƙiƙam. Malam ya yi magana, ya sake magana, har ya daka mini tsawa, bakina ya ƙi buɗuwa. Ƙarshe salati na yi, na juya na fita. Kunya ce ta hana ni gaya wa kowa a gida. Ina ɗan kwaleji guda, a ce ƙashi ya kore ni?

Inna ta kwana biyu tana juya abin a ranta. Ranar Laraba ta same ni a zaure, ta zauna nesa kaɗan, don ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa.

"Kai, akwai wani tsoho a ƙarshen gari, ta hanyar unguwar Kongo, bayan kududdufi. Tun kafin Turawa shi marubuci ne. An ce in an rubuta wa mutum mugun abu, yana wanke shi."

"Inna, wannan fa takardar Turawa ce, ba allo ba ne."

"Rubutu dai ai rubutu ne. Hannu ya yi shi, ruwa ya fitar da shi."

Na yi dariya, irin dariyar ɗan boko da ya ga duniya. Amma da gari ya waye ranar Alhamis na buɗe gwangwani na ga jan nan yana kallona, sai dariyar ta ƙare. Na ce a raina, wa ya sani, ƙila yana da wani ruwan magani da zai ɗiga a wurin da bakin auduga. Inna ta ƙulle mini goro biyar a ganye. Ta ce ba ya ganin mutane sai rana ta take tsaka, lokacin da mutum ke taka inuwarsa.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake cewa game da tsakar rana. Tun muna yara ake hana mu bin gindin tsamiya a wannan lokaci, ana cewa masu wurin suna hutawa. To hanyar gidan tsohon nan ta gindin tsamiya ta bi, babba, irin wadda mutum uku ba za su rungume ba. Dawa ta yi tsawo ta rufe hanya hagu da dama, ba ka ganin komai sai sama. Abin da ya fara damuna shi ne shirun. Damina ce, ya kamata a ji kwaɗi a kududdufi, a ji tsuntsaye, a ji wani yana noma yana waƙa. Ban ji komai ba sai ƙarar takalmina da bugun zuciyata. Sau biyu ina waiwayawa don ji nake kamar ana bina, ba kowa sai ganyen dawa da ke rufe hanyar da na wuce.

Gidan rabin zaurensa ya rushe. Ba kaza, ba akuya, ba hayaƙin girki. Na buɗe baki zan yi sallama, sai na ji murya daga ciki.

"Wa alaikumus salam. Shigo, ɗan mai daddawa."

Na gaya wa kaina cewa warin daddawa ne ya kama rigata. Da wannan na lallashi ƙafafuna suka shiga.

Cikin zauren da sanyi kamar bakin rijiya. Alluna ne jingine da bango, sun fi talatin, kowanne an wanke shi fes, ba ko ɗigon rubutu. Ƙoƙuna na rataye a sama. A tsakiya tsohon yana zaune a kan buzu, ɗan ƙanƙane, ƙashi da fata. Yanar makanta ta rufe idanunsa duka biyu, sun yi fari fat. Abin da na fi kallo shi ne yatsunsa, baƙi ƙirin da tawada har gaɓa ta biyu, kamar ya tsoma su a tukunyar baba ta masu rini.

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa takardar. Ya shimfiɗa ta a cinyarsa ya riƙa shafawa daga sama, layi bayan layi. Yana isowa kan jan sai yatsansa ya tsaya cak.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Baba."

"Me ya kawo shi?"

"Zazzaɓi na yi ranar jarrabawa."

Ya ɗauke yatsansa daga kan jan. Sannan ya ɗago fararen idanun nan ya saita su daidai fuskata.

"Bawan Allahn nan da suka rataye a tsaye, ba likkafani, ba ƙasa, shi ne zazzaɓin?"

Wallahi ji na yi kamar an kwara mini ruwan randa a baya. Ban gaya wa Inna ba. Ban gaya wa kowa a Zariya ba. Na so in tashi in gudu.

"Ba laifi ka yi ba, yaro," ya ce a hankali. "Me ya sa kake so a wanke?"

Na ce aiki nake nema, kuma yau ne. Na ce Inna ta sha wuya, matan unguwa suna jiran su ga ƙarshenmu.

"In na sa ruwa, ba ni ke zaɓar abin da zai tafi ba. A wanke?"

"A wanke, Baba."

Sau uku yana tambayata, sau uku ina amsawa. Ni duk a zatona yanzu zai ɗauko auduga da 'yar kwalba. Sai na ga ya jawo allo, ya ɗora takardar a kai, ya karkata shi bisa ƙoƙo, ya ɗauki buta. Jama'a, shekara nawa ina rubutu da tawadar nan? Na san ko gumin hannu ya ɗiga a kanta sai ta ɓaci. Kalma ɗaya ce za ta cece ni, in ce tsaya. Amma abin da ya same ni a ɗakin jarrabawa shi ya sake samuna. Ina ji ina gani bakina ya ƙi buɗuwa. Ya yi bisimilla ya zuba ruwan tun daga sama, ya sa tafin hannu ya shafe, yadda ya saba wanke allo duk tsawon rayuwarsa. Ruwa mai shuɗi ya riƙa gangarawa cikin ƙoƙo, da ya iso kan hatimi ya koma shunayya.

Ya miƙo mini ƙoƙon.

"Sha."

"Baba..."

"Ba a zubar da rubutu a ƙasa. Sha."

Na sha. Ɗaci ne da ƙarni, kamar ka tsotsi tsohuwar ƙusa. Na shanye tas, har da guntun da ya kwanta a gindin ƙoƙo. Sai da na ajiye sannan na kalli allon.

Sunana ya tafi. Turanci madalla ya tafi, lissafi ya tafi, yabon halin nan layi biyu ya tafi, sa hannun shugaba da hatiminsa duk sun tafi. Takarda ta koma shuɗi-shuɗi ba komai a kanta, sai kalmar nan ɗaya a cikin zagayenta. Maiƙon fensirin ya hana ruwa kama ta. Da can tana ɓuya a cikin sauran rubutu, yanzu kuwa ita kaɗai ce, har ta fi dā ja.

"Ya fita?" in ji tsohon.

"Shi kaɗai ya rage, Baba."

Bai yi mamaki ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Kai kawai ya gyaɗa.

"To ka kai musu shi. Sauran yana cikinka."

Na kwance goron na ajiye a gabansa. Ya ture shi da bayan hannu.

"Ba ni da haƙoran goro. Abu ɗaya nake so. Ba ni da kowa a garin nan. Ranar da na mutu, kai za ka wanke ni."

Ni da ƙashi busasshe ya kora daga ɗakin jarrabawa, ni ake ba wankan gawa. Na ce, "Allah ya ƙara nisan kwana, Baba," na figi jiƙaƙƙiyar takardata na fita. Ban san lokacin da na wuce tsamiyar nan ba.

Ban koma gida ba, da wane ido zan kalli Inna? Na shanya takardar a kan wani dutse, na zauna ina gadinta har ta bushe ta yi ƙudu-ƙudu. A nan Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni, muka shirya magana. Ranar Talata an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya sani, gidaje da yawa sun yi yoyo. Zan ce ɗakinmu ne ya zuba a kan takardar. In likita ya ji tausayina ya tambayi abin da ke rubuce a dā, sai in jero masa madalla-madallan nan, jan kuma in ce zazzaɓi. Har na ji dabarar ta burge ni. Na yi alwala na yi la'asar a wani masallaci, na kuskure baki sau uku kamar kowa, na nufi asibiti.

Abokan nemana biyu suna zaune a baranda, kowa da takardarsa a ambulan. Ni aka kira ƙarshe. Ina shiga abin da na fara gani shi ne dogon kabad a lungu, irin wancan sak, har launin itacen. Na kawar da kai. Likitan Bature ne siriri, yana jin Hausa amma a hankali yake yinta, kalma-kalma. A gefensa babban malamin asibitin yana tsaye, wani dattijo mutumin cikin birni mai farin gemu.

Likita ya karɓi takardar, ya duba gaba, ya juya baya, ya ɗaga ta wajen taga.

"Takardar wa ce wannan?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Ɗakinmu ne ya yi yoyo ranar Talata, ruwan sama ya zuba a kanta."

Ya ajiye ta, ya taso ya fara duba lafiyata kamar yadda ya yi wa sauran, don ba a ɗaukar mai ciwo aikin asibiti. Ya buɗe idona, ya ɗora abin saurarensa a ƙirjina.

"Fito da harshe."

Na fito da shi. Sai na ga ya ja da baya, ya yafito dattijon. Shi kuwa kallo ɗaya ya yi mini.

"La'ilaha illallahu. Yaro, rubutu ka sha?"

Likita ya miƙo mini wani ɗan madubi. Harshena shunayya ne har can ciki, dasashina ma haka, tawadar hatimin nan ta kama ko'ina. Tun azahar nake yawo da shaidata a baki ban sani ba.

Daga nan ban ga amfanin wata ƙarya ba. Bakin da ya ƙi buɗuwa sau biyu ya buɗe, na faɗi komai: ƙwarangwal, da fitata daga ɗakin jarrabawa, da ƙaryar zazzaɓi, da tsohon, da ƙoƙon. Ina yi hawaye na zuba, ga harshe shunayya, ban san ko dattijon nan dariya yake dannewa ko tausayi ba. Da na gama, likita ya miƙe ya nufi kabad ɗin. Na rufe ido ina jiran in ji ƙarar ƙashi. Da na buɗe, ba komai a ciki sai kwalabe da takardu. Ya zaro wata wasiƙa ya dawo ya zauna.

"Shugaban kwalejinku ya rubuto mini tun kafin ka dawo. Ya ce ka san darasin nan sarai. Ya ce ka kasa ne don ba ka yarda ka taɓa ƙashin mutumin da ba a binne ba."

Ya naɗe wasiƙar.

"Mutanen garin nan ba sa kawo mana marasa lafiya sai sun kusa mutuwa. Suna cewa wanda ya mutu a nan, muna ajiye ƙashinsa. Ina neman malamin da ke girmama mamaci, wanda in ya ce musu ba haka ba ne za su yarda. Tun kafin ka shigo na zaɓe ka. Saboda jan nan na zaɓe ka."

Ya ajiye wasiƙar, ya dube ni.

"Amma ka ce mini ruwan sama ne. Gobe in ka ba mutum maganin da ba nasa ba, me za ka ce mini?"

Bai jira amsata ba. Ɗaya daga cikin mutanen baranda aka ba aikin, wani mai matsakaiciyar takarda, ba madalla ko ɗaya, ba kuma ja.

Na kai bakin ƙofar asibiti sai na ji ana kirana. Dattijon ne.

"Zo nan, ɗana. Akwai wani aiki, amma ba na farar riga ba ne. Baƙi suna mutuwa a nan, leburori da fatake, ba dangi. Ana son mai yi musu wanka da sutura yadda addini ya ce, ya raka su makwanci, mutanen gari su gani da idonsu. Kowa gudu yake. Na roƙi likita, ya ce in ka yarda a gwada ka."

Nan take maganar tsohon nan ta faɗo mini a rai. Amma na tuna Inna tana zaune tana jiran sallamata. Na ce na yarda.

Da na isa gida na ajiye mata takardar, na gaya mata komai tun daga kabad ɗin kwaleji. Na zaci kuka za ta yi a kan aikin, ko ta ce laifinta ne da ta tura ni. Ta daɗe tana kallon jan nan. Da ta ɗago, idonta ya kaɗa.

"Wato don ka ƙi wulaƙanta gawar bawan Allah suka yi maka wannan?"

"E, Inna."

"Kai kuma ka ce mini zazzaɓi. Shekara nawa ana ce mini na ba da kai an mayar da kai kafiri? Da ka gaya mini gaskiya, da ni da kaina zan ɗauki takardar nan in bi gida-gida da ita, in ce ku zo ku ga kafirin. Abin da zan yi taƙama da shi ka sa na aike ka a wanke."

Maganar likita ta yi mini zafi, amma ta Inna ce ta hana ni cin tuwo a ranar.

Na fara aikin. Gawar farko sai da dattijon ya riƙe mini hannu, ta biyu na yi amai a bayan ɗaki, daga ta biyar na daina rawar jiki. Bayan an yi girbin dawa, wata rana da hantsi wasu manoma biyu suka kawo wani a kan ƙyauren kara, suka ce a wani rusasshen zaure suka tsince shi ta hanyar Kongo, da sauran numfashi. Kafin likita ya iso ya cika. Aka tambaya ko yana da kowa, suka ce ba su san masa kowa ba. Aka kira ni. Tun kafin in yaye zanen na ga hannun da ya leƙo, na gane yatsun.

Ni na wanke shi, ni kaɗai, na ce kada kowa ya taya ni. Bai fi nauyin yaro ba. Na sa ruwan ɗumi da sabulu na cuɗa yatsun nan har hannuna ya gaji, tawadar ko dusashewa ba ta yi ba. Ƙarshe na bar masa abarsa, na naɗe shi da ita. Yadda aka yi ya san labarin ƙwarangwal, har yau ban sani ba. Na yi shekaru ina neman bayani, ko wani ɗan kwaleji ya taɓa zuwa wurinsa, ko wani ya ji ya gaya masa. Ban samu ba, na kuma daina nema.

Sai da na yi shekara uku ina wankan baƙi kafin in sa farar riga. Inna ta gani da idonta, alhamdu lillahi, ko da yake a lokacin matan unguwa sun riga sun daina kiranta uwar Bature, don babu gidan da bai san wanda ke suturta marasa gata ba. Shekara ukun nan kuwa ba jan fensir ne ya jawo mini su ba, ƙaryata ce.

Daga baya ni ma na zauna a kujerar ɗaukar ma'aikata. Sau da yawa yaro zai miƙo mini takarda ya ɗora babban yatsa a kan wani layi, ko ya naɗe ta daidai wurin, ko tun ban tambaya ba ya fara ba ni labarin zazzaɓi. Nakan ce masa, ɗaga yatsanka, ɗana, daga nan za mu fara. Gaya mini abin da ya faru, da abin da ka yi a kai tun daga lokacin. Wanda ya faɗa mini gaskiya ban taɓa korarsa saboda layi ɗaya ba.

Takardar tana nan a gwangwaninta. Ta yi rawaya, gefenta ya gutsuttsure, jan kuwa yana nan kamar jiya aka rubuta. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, in kana da tabo a takardarka, kada ka ba kowa ya wanke, kada ka rufe da yatsa, kada ka laƙa wa ruwan sama. Ka riga kowa nuna shi, ka faɗi dalilinsa da bakinka. Ni na tafi a wanke mini abu ɗaya, na dawo na rasa duka sai shi, ashe kuma shi ne kaɗai abin da ake nema a wurina.